Jan Ɗigo da Farar Toka: Tambayoyi da Amsoshi kan Alamomin Goshi a Addinin Hindu

Duk wanda ya tashi yana kallon finafinan Indiya a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san jan ɗigon nan da ke tsakanin girar matansu. Yawancinmu mun ɗauka kwalliya ce, wasu kuma sun ji an ce alamar aure ce, daga nan aka rufe maganar. Alhali mutumin Indiya idan ya kalli goshin ɗan'uwansa karantawa yake yi: launin zanen, da siffarsa, da abin da aka yi shi da shi, da hannun da ya shafa, kowanne akwai abin da yake faɗa. Mabiya addinin Hindu sun haura mutum biliyan ɗaya a duniya, kuma a ƙidayar Indiya ta 2011 su ne kashi 79.8 cikin ɗari na mutanen ƙasar. Jama'a mai wannan yawa ta cancanci a san al'adarta yadda take, ba yadda fim ya gutsuro mana ba.

Ɗigon mata da zanen da ake gani a goshin maza duk abu ɗaya ne?

A'a, abubuwa uku ne da ake yawan cakuɗawa. Akwai tilak, wasu su ce tika, shi ne zanen ibada da maza da mata ke yi bayan wanka da addu'ar safe, ko a yi musu a ɗakin bauta. Akwai bindi, ɗigon mata na tsakanin gira, wanda a ƙasar Tamil ake ce wa pottu, a Bengal kuma tip. Na uku shi ne sindur, jan garin da matar aure ke zizarawa a tsagar gashinta daga saman goshi zuwa tsakiyar kai. Mace ɗaya tana iya ɗauke da duka ukun lokaci guda. Kuma babu ko ɗaya a ciki da ake yi da aska. Duk shafawa ake yi, a wanke da dare, a sake da safe.

Me ya sa goshi, kuma me ya sa tsakanin gira?

A koyarwar yoga ana lissafa cibiyoyi bakwai na ƙarfin ruhi a jikin mutum, daga ƙugu zuwa tsakar kai, ana kiran su cakra. Ta shida, mai suna ajna, tana daidai tsakanin gira, kuma ita suke ɗauka mazaunin basira da ganin zuci. Mai zaman tunani a nan ake ce masa ya tattara hankalinsa. Saboda haka idan mutum ya ɗora yatsa a wurin da safe, yana tuna wa kansa ne cewa akwai gani na ciki bayan na idanu biyu.

A nan ne kuma ake zana wa Shiba, ɗaya daga manyan ababen bautarsu, ido na uku. Labarinsu ya ce Kama, abin bautar sha'awa, ya harbe shi da kibiya don ya katse masa zaman tunani, sai Shiba ya buɗe wannan idon ya mayar da shi toka. Wannan labarin ya haɗa goshi da toka da cin nasara a kan son zuciya, kuma za mu sake cin karo da tokar a gaba.

Akwai kuma wata tsohuwar magana a bakin jama'a, cewa a goshin jariri ake rubuta rabonsa. Bahaushe ba zai ji wannan baƙon abu ba, tunda mu ma idan amarya ta shigo gida arziki ya biyo baya cewa muke tana da goshi.

Abin da ban yarda a ɗora wa al'adar ba shi ne bayanan da ke yawo a intanet, wai danna wurin yana motsa wani abu a ƙwaƙwalwa ko yana maganin ciwon kai da rashin barci. Wannan ƙari ne na zamani, likitanci bai tabbatar da shi ba, kuma al'adar ta rayu ɗaruruwan shekaru ba tare da shi ba.

Layuka uku na farar toka a kwance, me suke nufi?

Wannan shi ne tiripundara, alamar masu bin Shiba. Mutum yakan jiƙa tokar da ɗan ruwa a tafin hannun hagu, ya dangwala yatsu uku na dama, ya ja su daga wannan gefen goshi zuwa wancan. Da yawa sukan ƙara a damatsa da ƙirji da wuya. Tokar ana kiran ta bibuti ko basma, kuma ba kowace toka ba ce: ko dai ta wutar hadaya, ko ta busasshen kashin shanu da aka ƙona a hankali aka tankaɗe har ta yi laushi, don saniya dabba ce mai tsarki a wurinsu.

Ma'anarta ta farko mai sauƙi ce kuma mai nauyi. 'Yan Hindu ƙona gawa suke yi, don haka toka ita ce ƙarshen jikin sarki da na talaka. Wanda ya shafa ta da safe kafin ya fita kasuwa ya shafa wa kansa tunatarwar mutuwa ne. Na ga wannan ya fi kowace alama tasu taɓa zuciya, domin babu ado a cikinta ko kaɗan.

Su layukan uku kuwa an yi musu fassara iri-iri. Wani tsohon littafinsu mai suna Kalagni Rudra Upanishad ya danganta su da wutar hadaya uku, da Beda uku, wato tsofaffin littattafan addininsu, da sautuka uku da suka haɗa Om, kalmar da suke furtawa a ibada. Masu bin Shiba na ƙasar Tamil kuma sukan ce ƙazanta uku ce ake ƙonawa: girman kai, da nauyin ayyukan da mutum ya aikata, da ruɗin duniya. Wasu suna tuna labarin birane uku na aljanu da Shiba ya ƙone da kibiya ɗaya. Ba wanda ke ganin waɗannan fassarori suna karo da juna. Kowa da wadda malaminsa ya koya masa.

A ɗakin bautar Mahakaleshwar da ke garin Ujjain, kullum wajen ƙarfe huɗu na asuba ana yin hidimar da ake bulbula wa alamar Shiba toka, mutane na yin tafiya mai nisa don su halarta. Akwai kuma wasu tsirarun masu gudun duniya da ake kira Agori, waɗanda ke shafa tokar wurin ƙona gawa a duk jikinsu. Su ne masu ɗaukar hoto suka fi so, amma ba su ne ma'auni ba. Malamin makaranta ko ma'aikacin banki a Chennai siririn layi ɗaya na toka ya ishe shi.

Masu layi a tsaye fa, mai kama da harafin U ko V?

Waɗannan masu bin Bishnu ne, wani babban abin bautarsu, tare da Rama da Kirishna waɗanda suke ɗauka shi ne ya sauko duniya a siffarsu. Zanen ana ce masa urdwa pundara, a kudancin ƙasar kuma namam. Layuka biyun na gefe suna wakiltar ƙafafun Bishnu, wato mai zanen yana cewa ya ɗora ƙafar ubangijinsa a kansa, shi bawa ne. Layin tsakiya, ja ko rawaya, na Lakshimi ne, matar Bishnu, wadda suke dangantawa da arziki da rahama.

Shi ba da toka ake yin sa ba, da yumɓu ne. Wanda ya fi daraja shi ne gopi candan, yumɓu mai ruwan ƙwai da ake haƙowa a wani tafki kusa da garin Dwarka a jihar Gujarat, garin da suke cewa Kirishna ya yi sarauta. Ana sayar da shi curi-curi, mutum ya goga a jiƙaƙƙen tafi ya zana da yatsa ko da siririn ƙarfe. Masu tsantseni wurare goma sha biyu suke zanawa a jiki, goshi da ciki da ƙirji da maƙogwaro da kafaɗu da baya, kowane wuri da sunan Bishnu da ake ambata. Na goshi shi ne Keshaba.

A nan ne ƙwararre ke gane ɗarikar mutum tun daga nesa. 'Yan Hare Kirishna, ƙungiyar da Swami Prabhupada ya kafa a New York a 1966, nasu siriri ne, ya sauko kan hanci ya ƙare da siffar ganyen tulasi, wani tsiro mai ƙamshi dangin ɗoɗɗoya da suke girmamawa. Mabiya Madwa na Karnataka suna jan baƙin layi a tsakiya da gawayin turaren hadaya. Mabiya Swaminarayan na Gujarat jan ɗigo zagayayye suke sawa a tsakiyar U ɗin.

Misalin da ya fi nuna girman abin shi ne na mabiya malam Ramanuja, wanda ya rayu a ƙarni na 11 zuwa na 12. Bayansa sun rabu gida biyu. 'Yan Badakalai suna zana U da rawayan layi a tsakiya. 'Yan Tenkalai suna ƙara ɗan jela da ta sauko kan karan hanci, ya zama kamar Y, da jan layi. Bambancin a ido bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, amma a ƙarƙashinsa akwai saɓanin aƙida: shin sai bawa ya yi nasa ƙoƙarin ya riƙe ubangiji kamar yadda ɗan biri ke maƙale uwarsa, ko kuwa rahama kaɗai ke ɗaukarsa kamar yadda kyanwa ke ɗaukar ɗanta a baki? Su da kansu suke ba da wannan misalin. Saɓanin ya kai su kotu tun zamanin mulkin Turawan Ingila a kan wane zane za a yi wa giwar ɗakin bautar Baradaraja da ke Kanchipuram, har daga baya babbar kotun Madras ta ce a riƙa yi mata na wannan ɓangare mako ɗaya, na wancan mako ɗaya. Mai kallo daga waje zai ce a kan goshin giwa ake shari'a, amma su a kan yadda ɗan Adam ke samun tsira suke jayayya.

Namiji ma yana sa jan ɗigo?

Ƙwarai. Masu bautar Debi, wato uwar allahiya a siffofinta irin su Durga da Kali, jan ɗigo ko jan layi ɗaya a tsaye suke yi, maza da mata. Haka duk wanda ya fito daga ɗakin bauta, mai hidimar wurin yakan dangwala masa ja a goshi a matsayin tubarraki.

Da me ake haɗa jan da rawayan?

Jan garin, kumkum, asalinsa kurkum ne. Ana busar da shi a daka, a gauraya da ɗan farar ƙasa ta ƙonannen dutse, sai rawayan ya rikiɗe ya koma ja wur. Rawaya mai haske kuma na icen sandal ne, wanda ake gogawa a kan dutse da ɗigon ruwa har ya ba da ƙullu mai sanyi da ƙamshi. Jihar Karnataka, musamman yankin Mysore, ta yi suna da shi. Sau da yawa akan manna 'yan ƙwayoyin shinkafa a kan zanen, kuma sharaɗi ne kada ƙwayar ta zama karyayya, domin cikarta ce ke nuna fatan cikar alheri.

To bindi alamar aure ce ko ba ita ba ce?

Ya danganta da inda kake. A arewacin Indiya, a da, babban jan bindi na matar aure ne. A kudu kuwa tun yarinya tana goye ake ɗiga mata, kuma budurwa ta fita da goshi fayau abu ne da kakanni ba sa so. Tun da aka fara sayar da na mannawa a shekarun 1980, kati guda mai ɗauke da launi iri-iri, sai ya zama mace tana zaɓen wanda ya dace da zaninta. Yau idan ka ga kore ko shuɗi mai ƙyalli, ado ne, kada ka wahalar da kanka neman fassara. A gidaje da yawa za ka tarar da madubin ɗaki ya sha ɗige-ɗige a gefe, inda uwargida ke manna na jiya kafin ta kwanta.

Shi sindur ɗin fa?

Shi ne ainihin shaidar aure a arewaci da gabashin Indiya da Nepal. Ranar biki, a gaban wutar hadaya, ango ne ke zuba wa amarya shi a tsagar gashi da hannunsa, wani lokaci da zobe ko da tsabar kuɗi. Daga ranar ita ke sa wa kanta kullum, da fatan tsawon ran mijinta. A jihar Bihar za ka ga ranar bikin Chat mata sun ja shi mai ruwan lemo tun daga kan hanci har tsakar kai.

Ɗaya fuskar abin ita ce mai ciwo. Ranar da miji ya mutu ake goge mata shi, a wasu wurare a fasa mata awarwaro, ta koma farin tufafi. A al'adar da, bazawarar da mijinta ya mutu ba ta sake sa ja har ta koma ga mahaliccinta, kuma akan nisanta ta daga bukukuwan farin ciki. Dubban irin waɗannan mata sun tare a garin Birindaban suna ƙarasa rayuwa da farin zane da zanen sandal. 'Yan Indiya da kansu sun daɗe suna yaƙi da wannan; dokar da ta halatta wa irin wannan mace sake aure tun 1856 aka yi ta. A Bengal akwai wasan da matan aure ke shafa wa juna sindur a ranar ƙarshe ta bikin Durga, kuma a 'yan shekarun nan wasu unguwanni sun fara gayyatar waɗanda mazansu suka rasu. A ganina wannan gyara ne mai kyau. Akwai kuma matan da ke tambayar me ya sa mace kaɗai ke yawo da shaidar aure a ka, namiji babu, tambayar kuwa tana kan hanya.

Nauyin kalmar ya fito fili a 2025. Bayan harin Pahalgam na ranar 22 ga Afrilu a yankin Kashmir, inda aka kashe mutum 26, dukansu maza, wasu a gaban matansu, Indiya ta sa wa farmakin da ta kai Pakistan ranar 7 ga Mayu sunan Sindur. Ba wanda ya nemi a yi masa bayani a ƙasar.

Baƙin ɗigon da ake yi wa jarirai fa?

Wannan na tsoron kambun baka ne. Da kwalli ake yi, a gefen goshi ko a kumatu ko bayan kunne, don a ɗan rage wa yaron kyau kada ido ya kama shi. Ba na ɗarika ba ne, kuma Musulmi da Kiristan yankin ma da yawa suna yi.

Gaskiya ne zanen yana nuna ajin da aka haifi mutum a ciki?

Turawan mulkin mallaka haka suka riƙa rubutawa, kuma kuskuren ya bi littattafai. Abin da zanen ke nunawa shi ne wanda mutum yake bauta wa da ɗarikarsa. Biraman biyu, wato 'yan ajin malaman addini, ɗaya yana iya zama da toka a kwance, ɗaya da yumɓu a tsaye. 'Yan Lingayat na Karnataka, mabiya Basaba na ƙarni na 12, sun yi watsi da fifikon haihuwa amma toka ce alamarsu. Sai dai ba a raba abin gaba ɗaya ba: tunda an daɗe ana hana na ƙasa shiga ɗakunan bauta, cikakken zane mai faɗi ya fi yawa a goshin manyan gidaje.

Sai ɗan Hindu kaɗai ke sawa?

Cibiyar bincike ta Pew ta tambayi kusan mutum dubu 30 a Indiya ta fitar da sakamako a 2021. Kashi 84 cikin ɗari na matan Hindu sun ce suna sa bindi, mata mabiya addinin Buda kashi 78, matan Sikh kashi 29, Kiristoci kashi 22, Musulmi kashi 18. A Bangladesh ma mata Musulmi da yawa suna sa tip, musamman ranar sabuwar shekarar Bengal, 14 ga Afrilu, suna ɗaukarsa adon gargajiya, wasu malamai kuma suna hanawa. Tilak na ɗarika kuwa, wannan na masu addinin ne.

Ban da ibadar safe, yaushe kuma ake shafawa?

Duk lokacin da ake son sa wa mutum albarka. Uwa takan yi wa ɗanta zai tafi jarrabawa ko doguwar tafiya. Ana yi wa baƙo a bakin ƙofa, ana yi wa sabuwar mota da littafin ciniki. Kwana biyu bayan Diwali, bikinsu na kunna fitilu, akwai ranar da 'yar'uwa ke yi wa ɗan'uwanta tilak tana roƙa masa tsawon rai, shi kuma ya ba ta kyauta. A Nepal launi bakwai ake jerawa a goshinsa. A bikin Dashain na Nepal kuma dattawa ne ke manna wa na ƙasa da su curin shinkafa da kindirmo da jan gari, har ya rufe rabin goshi, su saƙala musu tsiron sha'ir a kunne.

Naɗin sarauta ma da shi ake yi. A masarautar Mewar ta Rajasthan, al'adar da ake ba da labari ita ce shugaban ƙabilar Bil ya tsaga babban yatsansa ya yi wa sabon sarki tilak da jininsa, shaidar cewa mutanen ƙasar sun yarda da shi.

Akwai illa ga lafiya?

Kumkum na kurkum da sandal da toka ba su da matsala ga yawancin mutane. Haɗarin yana cikin sindur na kasuwa, wanda wasu masu haɗawa ke zuba wa jar dalma don ya yi kauri da haske, wani kuma akwai zaiba a ciki. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2007 bayan an samu waɗanda gubar ta kama. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba sai an ja mana kunne sau biyu ba: kada a bar irin wannan gari inda yaro zai kai baki. Gam ɗin bindi na mannawa shi ma yakan sa wa wasu ƙaiƙayi ko ya bar farin tabo.

An taɓa tsangwamar mutane saboda shi?

An yi. A 1987, a Jersey City ta Amurka, wasu matasa sun kafa gungun da suka sa wa suna daga ɗigon goshin, suka riƙa dukan 'yan Indiya a titi, suna fasa musu shaguna. Mata da yawa a lokacin sun daina sa bindi da sari idan za su fita. Duk wadda aka taɓa harara saboda hijabinta a wata ƙasa ta san yadda wannan yake.

A Afirka akwai masu yi?

Akwai, kuma ba 'yan Indiya kaɗai ba. A unguwar Odorkor da ke Accra akwai gidan ibadar Hindu da aka kafa a 1975 ƙarƙashin Swami Ghanananda, ɗan Gana, kuma yawancin masu zuwa wurin 'yan ƙasar ne. A Legas ma akwai wuraren bautarsu. Ƙasar da suka fi yawa a lissafin kashi ita ce Morishus, inda suka kusa rabin jama'a, sai kuma birnin Durban na Afirka ta Kudu.

Idan na je Indiya neman magani ko karatu aka zo za a shafa mini, yaya zan yi?

Yakan faru a manyan masaukai da wuraren taro: budurwa ta tare ka da faranti mai fitila da furanni da jan gari. A wurinsu karramawa ce, ba wai ana shigar da kai addini ba ne. Duk da haka asalin abin yana haɗe da ibadarsu, shi ya sa Musulmi da yawa, har da na Indiya waɗanda suka kai kashi 14 cikin ɗari na ƙasar, ba sa karɓa, kuma mutanen wurin sun saba da hakan. Ka dafa ƙirji da hannun dama, ka yi murmushi, ka ce ka gode amma addininka bai ba ka dama ba. Idan akwai furen wuya ka karɓa, wannan ya wadatar a matsayin amsa gaisuwa. Abin da ba ya da kyau shi ne ka bari a shafa sannan ka sa hannu ka goge a gaban mai shafawar. Gara ka faɗa tun kafin yatsa ya iso goshi.